Fentin gini a jikin baƙar Corolla: yadda aka cire shi, da inda aka yi asara

Motar Toyota Corolla ce baƙa, 'yar Kwatano, wadda aka ajiye da safe a gindin wani bene da ake yi wa fenti a Kano cikin watan Afrilu. Masu fenti biyu ne ke kan aikin. Ɗaya yana sama a kan katako yana bin bango da rola da farin fentin ruwa, ɗayan yana ƙasa yana shafa wa ƙyauren ƙarfe jan fentin mai. Da hantsi bokitin na sama ya karkace, fentin da bai kai lita guda ba ya zubo. Ya sauka a kan rufin motar, ya gangaro ta gilashin gaba, ya taru a kwarin da ke ƙarƙashin waifa, sauran ya fantsama a kan bonet da fitila ɗaya. Na ƙasan ya taso a guje da buroshi a hannu, garin leƙe-leƙe ya bar ɗigon jan fenti kusan ashirin a ƙofar baya ta dama da gefen motar saman taya.

Har zuwa nan babu abin da ya lalace. Ɓarnar ta fara ne lokacin da yaron masu fentin ya tsoma tsumma cikin tinar da suke wanke buroshi da ita, ya murje wuri biyu: faɗin tafin hannu a kan bonet, da wani wajen a ƙofar baya. A bonet wurin ya dushe kawai. A ƙofa kuwa tsumman ya fito baƙi ƙirin, nan yaron ya tsorata ya bari. Mai motar bai fito ba sai bayan azahar, fentin ya sha rana kusan awa uku a jikinta. Aikin cirewa bai fara ba sai bayan la'asar.

Abin da ke ƙarƙashin fentin da ya zuba

Me ya sa tina ɗaya ta dusar da bonet amma ta cinye ƙofa? Sai an amsa wannan kafin a taɓa motar da komai.

Fentin da kamfani ke yi wa mota hawa huɗu ne: shimfiɗar hana tsatsa da ake tsoma jikin motar a ciki, sai firaima, sai launi, sai rufin sheƙi marar launi a sama, wanda masu fenti ke kira kiliya. Dukansu a haɗe ba su cika wuce maikuron 100 zuwa 150 ba, kuma maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kiliyar kaɗai tana tsakanin 35 da 50, wato takardar littafi ta kusan ninka ta kauri. An gasa ta a zafin da ya kai digiri 140, sinadaranta sun sarƙe da juna, shi ya sa tina ba ta narkar da ita nan take. Tana dai kumbura ta, ta dusar da ita, idan kuma aka daɗe ta yi laushi.

Ƙofar baya labarinta daban. An taɓa buge ta, aka gyara, aka fesa mata fentin selulos mai hawa ɗaya, babu kiliya a kansa. Irin wannan fenti bushewarsa ita ce kawai tinar da ke cikinsa ta fice. Ranar da ya sake haɗuwa da tina, ko bayan shekara goma ne, zai narke kamar yau aka fesa shi. A motocin da aka shigo da su na hannu, ƙofa ɗaya ko bamba da aka sake wa fenti ba abin mamaki ba ne, kuma sau da yawa mai motar ma bai sani ba.

Ana ganewa ta hanya uku. A buɗe ƙofar a duba bakinta: idan akwai layin da tef ya bari, ko feshin fenti a kan robar ƙofa, an sake ta. A ɗiga ɗan folish a farin ƙyalle a goga a ɓoyayyen wuri: idan launin motar ya fito a ƙyallen, babu kiliya. Mai na'urar awon kaurin fenti kuma ya ɗora ta. A wannan motar bonet da rufi sun nuna tsakanin 110 da 130, ƙofar baya ta haura 300, farin ƙyalle kuma ya yi baƙi. Daga nan aka san cewa abin da zai yi aiki a bonet ba zai je kusa da ƙofar ba.

Shi ma fentin da ya zuba an tantance shi. Hanya mafi sauƙi a je a karanta jikin bokitin. In babu bokiti, a jiƙa auduga da sifirit na kemis a danna a kan ɗigo ɗaya: fentin ruwa zai yi laushi ya kama audugar, fentin mai ba zai motsa ba. Akwai gwajin da bai kamata a tsallake ba, wato a ɓalle ɗan busasshen fentin a murza tsakanin yatsu. Idan an ji tsakuwa-tsakuwa, fentin bango ne mai yashi, irin wanda ake yi wa wajen gida, kuma duk gugar da aka yi masa daidai take da goga samfefa a jikin mota. A nan an yi sa'a, fentin irin na cikin gida ne, mai santsi.

Inuwa da ruwa kafin komai

An fara da ɗaukar hotunan motar ta kowane gefe, har da wuraren da tina ta taɓa, domin maganar wanda zai biya tana nan tafe. Sai aka tura ta inuwa. A watan Afrilu zafin Kano yana kai digiri 40, baƙin ƙarfe a rana kuma yana haura 70. A kan ƙarfe mai wannan zafi ruwan sabulu zai bushe kafin ya jiƙa komai, sifirit da kananzir kuma sun fi cin kiliya. Ma'aunin mai sauƙi ne: sai bayan hannu ya iya zama a kan bonet ba tare da an janye shi ba.

Aka kwarara mata ruwa da tiyo, ba soso, ba tsumma. Ƙurar da ke kwanciya a kan mota a wurin gini yashi ne da siminti, ta fi kiliya tauri nesa ba kusa ba, kuma baƙar mota ba ta ɓoye zane ko ɗaya. Ba a kunna waifa ba. Da an kunna, da robarta ta baje fentin a duk gilashin, ta kuma ja ƙasa ta zane shi.

Farin fentin ruwa

Fentin ruwa ba ya haɗewa da kiliya, zama kawai yake yi a kanta. Yana bushewa a taɓa cikin awa ɗaya, amma ba ya gama tauri sai bayan mako biyu zuwa huɗu. A cikin kwanakin farko ruwan ɗumi kaɗai yana kumbura shi ya saki abin da ya kama.

Aka haɗa lita 5 na ruwa mai ɗumin da hannu ke iya jurewa, kimanin digiri 45, da mililita 50 na sabulun wankin mota. Ba garin sabulun wanki ba, domin shi akwai ƙwayoyin da ba sa narkewa kuma yana da kaifi. Aka tsoma tawul masu laushi, aka shimfiɗa su a kan fentin suna ɗiga, aka rufe da leda don kada iska ta busar da su. Minti 20. Wannan jiran shi ne rabin aikin, kuma shi ne mutane ba sa iyawa.

Da aka ɗaga tawul, fentin rufin motar, inda ya fi kauri, ya yi yamutse kamar fatar madarar da aka tafasa. Aka sa farce a gefensa, ya taso, aka ja shi a hankali ya fito falle guda kusan faɗin faranti. Inda ya fi yawa, nan ya fi sauƙi, saboda kaurinsa yana riƙe kansa. Abin da ya ƙara taimakawa shi ne an shafa wa motar kakin goge mota wata biyu da suka wuce, ragowarsa ta shiga tsakanin fentin da kiliya.

Inda farce ya gaza, aka ɗauko tsohon katin banki, aka goge kusurwoyinsa da samfefa har suka yi kwana, kada kaifinsu ya yi zane. Ana kwantar da katin kusan daidai da jikin motar, ruwan sabulu yana gudana a wurin, a tura gaba santimita biyu ko uku, a ɗaga, a wanke bakin katin, a sake. Wanda ya tura katin gaba da baya ba tare da wankewa ba, duk ƙwayar yashin da ta maƙale a bakinsa sai ta bar masa layi. Wuraren da suka ƙi, ba a ƙara musu ƙarfi ba, tawul aka mayar musu. Wani sashen bonet sai da aka jiƙa shi sau uku.

Wahalar tana wajen siraran layuka da ƙananan ɗige-ɗige, waɗanda rana ta gasa kuma ba su da bakin da za a kama. Su aka bi da sifirit da aka raba biyu da ruwa. Ana jiƙa 'yar auduga, a ɗora a kan ɗigon, a ƙirga daƙiƙa 30 zuwa 60, a ɗauke da juyi guda, a wanke wurin da ruwan sabulu. Kowane ɗigo da sabon gefen auduga. Sifirit ɗin bai je ƙofar baya ba, saboda yana tausasa selulos ya bar masa farin hazo.

Kwarin waifa da gilashi

Wurin da mai mota ba ya kallo shi ne ya fi haɗari. Ƙarƙashin baƙar robar da ke gindin gilashin gaba akwai kwarin da ruwan sama ke bi ya fita ta ramuka a gefe biyu, kuma a nan ne iskar da ke shiga cikin mota take bi. Idan fenti ya daskare ya toshe ramukan, ba za a sani ba sai damina ta sauka, a ga kafet ɗin gaba ya jiƙe ana neman dalili. Aka manna tef a gilashi daidai inda kowace waifa ke kwanciya, aka kwance notinsu da sifana mai lamba 14, aka ɓalle maɓallan robar, aka ɗaga ta. Fentin da ke ciki bai bushe ba tukuna. Aka kwashe da cokalin roba, aka zuba ruwan ɗumi bokiti biyu har aka ga yana fita fes a bayan tayoyin gaba. Robobin waifar an zubar da su, sababbi sun fi wanke su arha.

Gilashi ne kaɗai wurin da reza ke da izini. Sabuwa, gilashin a jiƙe, a karkata ta kamar digiri 30, a tura gefe ɗaya. Ta waje kawai, domin ledar tintin a ciki take. Fitila kuwa ko da tana kama da gilashi roba ce, reza za ta zane ta, tina kuma za ta farfasa fuskarta ta yi fari har abada. Ita ma tawul da ruwan ɗumi da farce aka yi mata.

Jan fentin mai

Wannan shi ne mai agogo. Fentin mai yana bushewa hawa biyu: da farko man da aka sirka shi da shi ya fice, daga baya ya riƙa haɗuwa da iska yana tauri kwana bayan kwana. A ranar farko kananzir yana narkar da shi. Bayan kamar mako guda kananzir sai dai ya wanke masa ƙura. Ɗigon da ke jikin wannan motar awa bakwai ke nan, sun yi fata a sama, cikinsu da laushi.

Kananzir mai tsabta aka nema, daga wurin da aka amince ba a gauraya shi da fetur ba. Aka gwada shi a ƙasan bakin ƙofar ta ciki, minti biyu, launi bai fito ba. Selulos yana jure kananzir duk da ba ya jure tina ko sifirit, amma tun da ba wanda ya san ainihin abin da mai fentin baya ya zuba a bindigarsa, gwajin dole ne. Aka bi ɗigon ɗaya bayan ɗaya: auduga mai girman ƙwayar gyaɗa, a ɗora, minti ɗaya zuwa biyu, a tsaga fatar da farce, a sake ɗorawa, a naɗe fentin cikin audugar. Ba a goge shi gefe, domin ja a kan baƙi idan ya baje yana barin hoda-hodar da sai rana ta haska ake gani. Kowane ɗigo uku sai a wanke wurin da sabulu. An kiyaye robar ƙofa da ta gilashi, kananzir yana kumbura irin wannan robar.

Ɗigo goma sha shida sun fita tas. Huɗun da ke inda yaron ya murza tina ba su da magani, saboda jan fenti da baƙin fentin ƙofar sun narke sun cakuɗe sun bushe tare.

A irin wannan wuri ba a rasa mai ba da shawara. Wani zai ce fetur, wani ya ce ruwan goge farce, wani ya ce man burki ai nan take yake ɗaga fenti. Gaskiya ya faɗa, yana ɗagawa, har da na motar. Man burki irin DOT 3 da DOT 4 yana cin fentin mota, shi ya sa makanike mai hankali ke wanke shi da ruwa da zarar ya ɗiga. Ruwan goge farce yawanci asiton ne, ɗan'uwan tina. Fetur kuma ga tabo ga gobara. Soson ƙarfe da koren soson wanke-wanke ba sai an yi maganarsu ba.

Abin da ido ba ya gani

Bayan an wanke motar gaba ɗaya ta bushe, a ido ta yi fes. Amma da aka sa hannu cikin siririyar leda aka shafa bonet, sai aka ji ƙurji-ƙurji kamar an barbaɗa gishiri. Feshin rola ne, ɗaruruwan ƙananan ɗigo. Maganinsu yumɓun goge mota, wani danƙo mai kama da cingam wanda aka ƙirƙiro a Japan domin irin wannan aikin. Yana zuwa a gram 100 ko 200. A yanki kamar gram 30, a murza ya yi laushi, a baje shi ya yi faɗin yatsu uku. A fesa ruwan sabulu sosai a wuri mai faɗin santimita 40 kowane gefe, a riƙa zame yumɓun a miƙe ba tare da dannawa ba. Da farko za a ji yana kamawa yana ƙara, can sai ya yi shiru ya riƙa sulɓi. Wurin ya gama ke nan. A duba fuskar yumɓun, a ninke dattin ciki, a ci gaba. Idan ya faɗi ƙasa ya tafi ke nan, a jefar, ko sabo ne.

Baƙar roba mai ƙurji ta gindin gilashi da ta madubi ita ta fi cin lokaci, saboda farin fenti ya shige cikin ramukan fuskarta. Tsohon buroshin haƙori mai laushi, sifirit da ruwa, a goga a zagaye, a share, a maimaita.

Tabon tina a bonet

Ba a taɓa shi a ranar ba. Kiliyar da ta sha tina tana da laushi, idan aka ɗora mata inji a lokacin za ta yi danƙo ta yage. Aka bar ta kwana uku tinar ta fice, kuma kusan rabin dushewar ya tafi da kansa. Abin da ya rage zanen da tsumma mai ƙura ya yi ne.

Aka rufe bakin bonet da layukan da suka tasa da tef, don a nan fenti ya fi siriri kuma a nan inji ke ƙona shi. Folish mai matsakaicin kaifi, ɗigo huɗu a kan soson inji, gudu tsakanin juyi 1,200 da 1,500 a minti, injin yana tafiya ba ya tsayawa wuri ɗaya, ana taɓa ƙarfen ana jin zafinsa. Zagaye biyu, sai aka koma folish mai laushi a duk bonet da rufi don a share ɗan hazon da yumɓu ke bari a baƙar mota. Na'ura ta nuna an ci kimanin maikuron 4 a wurin tabon.

Zane biyu sun rage waɗanda farce ke maƙalewa a cikinsu. Ana iya bin su da jiƙaƙƙiyar samfefa mai lamba 2000 sannan 3000, amma an bar su. Kiliya ita ce ke tare wa launi hasken rana, kuma ƙa'idar masu aikin ita ce kada a ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinta a duk rayuwar motar. Zanen da farce ke kamawa ya riga ya wuce wannan zurfin. A bi shi har ya ɓace, garin neman gira a rasa ido: shekara ɗaya ko biyu a ranar Kano wurin zai yi fari ya fara ɓawo. An dai tausasa bakinsu da folish yadda ba sa kama haske, sai wanda ya san wurin zai gan su. Daga nan aka shafa sabon kaki a duk inda aka yi aiki, tun da sifirit da kananzir da yumɓu sun kwashe tsohon.

Da a ce motar ta yi mako biyu kafin a kawo ta, farin fentin zai fita duk da haka, sai dai jiƙon zai ninka kuma sifirit zai yi yawancin aikin. Jan fentin ne zai zama sai an aske kowane ɗigo da samfefa a kan ɗan ƙaramin katako. Da kuma siminti ko farar ƙasa ce ta zuba, da ba a jira la'asar ba, domin su cin kiliya suke yi tun suna jiƙe.

Ƙofar baya ta tafi wurin mai fenti. Bai yi faci ba, saboda tinar sabon fenti za ta tayar da tsohon selulos ɗin da ke kewaye ya yamutse. Ya kankare shi duka, ya sa firaima, ya fesa launi, ya rufe da kiliya mai haɗin hadna, wato sinadarin da ke sa ta tauri, aka kuma gaya wa mai motar kada kaki ya taɓa ƙofar sai bayan wata guda aƙalla. Ɗan kwangilar ginin ne ya biya kuɗin ƙofar da na robobin waifa bayan an nuna masa hotuna. A ƙarƙashin robar da ta zagaye gilashin gaba, ta saman hagu, akwai siririn farin layi mai tsawon ɗan yatsa wanda ba a gani sai an ɗaga robar. Cire shi sai an cire gilashin, don haka yana nan.